Goro Biyu daga Huhu Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Kumasi.
Sai yanzu motocin Ayeduase suka daina girgiza ƙasa,
teburin madubai ya kwanta kamar ruwan randa.
Na kashe fitila, na kunna leza.
Akosua ta yi barci a kujera, takalmi ɗaya a ƙafa.

Aikina in haifi tagwaye
daga wani ɗan lu'ulu'u da bai kai ƙumba ba,
ƙwayoyin haske biyu masu cibiya ɗaya.
Ba a ba da labarin wannan a bar waccan.
In sake su cikin gilashi, in tare su a mahaɗa,
in yi musu tambaya biyu a numfashi guda:
nawa hanya ta jinkirta ku,
nawa kuma ta ci daga cikinku?

Nan ne rigimar take.
In na matsa wa tambayar farko, ta biyu ta dushe.
Ƙullin fulawa ne a tafin hannu,
danna nan, ya kumbura can.
Wata huɗu ina zagin na'ura,
ashe ba ta da laifi.
Can ƙarƙashin komai akwai wata rowa
da aka gina duniya da ita.

Iya Lantana ba ta taɓa jin kalmar kwantam ba.
Shekara arba'in tana zaune a rumfar goro a Aboabo,
ganye jiƙe a gabanta, kuɗi a bakin zane.
Takan ɗaga ƙwaya ɗaya, ba ta ko kallo:
wannan ya kwana tara da barin uwa,
ya sha ruwa fiye da ƙima,
kuma sankara ta riga mu shiga.
A fasa, a ga tsutsar.
Direbobin da za su Arewa ba sa yi mata gardama.

Ina 'yar shekara goma na tambaye ta sirrin.
Ta ce, ke Tasalla, hannu ma yana da iyaka.
In na saurari nauyi, danshi ya ɓuya mini.
Shi ya sa in ciniki ya yi tsauri
nake ɗaukar biyu daga huhu ɗaya,
ɗaya dama, ɗaya hagu,
in ji su tare, ba bi da bi ba.

Tare, ba bi da bi ba.
Na rubuta shi da biro a bayan hannuna.
Daren nan na bar yi wa kowace ƙwaya shari'a ita kaɗai,
na shigar da su bibbiyu, na saurari abin da ke tsakaninsu.

Ƙarfe huɗu da kwata ruwa ya sauko a kan kwano,
layin kuskure a allo ya soma sunkuyawa,
ya sauka ƙasa da inda ya saba tsayawa,
da kaurin gashin ido.
Rowar tana nan, ba ta tafi ba,
amma ta sassauta hannu.
Na tashi Akosua. Ta duba, ta ce a maimaita sau ɗari.
Aka ɗauke wuta a na sittin da uku.

Da safe na sayi koko da ƙosai na nufi Aboabo.
Iya ba ta zuwa rumfa yanzu, hannunta na rawa.
Na sa mata goro biyu a tafi, fari da ja.
Ta yi shiru, ta jinjina su.
Ta ce, ba huhunsu ɗaya ba, wa kike so ki cuta?
Sannan ta ce, me kika kwana aunawa?
Na ce, haske.
Ta ce, to, nawa ya kai?